Farautar hatimi a dazuzzukan Connecticut

Akwatin roba ne ɗan ƙarami, irin wanda ake zuba abinci a ciki, an cusa shi a ƙarƙashin dutse ko a kogon bishiya. A cikinsa akwai ƙaramin littafi da hatimin roba. Idan ka gano shi, sai ka buga hatiminsa a littafinka, ka buga naka hatimin a littafinsa, ka rubuta kwanan wata da laƙabinka, ka mayar da shi inda yake. Ba a ɗaukar komai a tafi da shi. Turawa na kiran wannan wasa letterboxing, kuma wani abokin aikina ne ya ja ni cikinsa bayan na koma jihar Connecticut ta Amurka da aiki, ina ta ƙorafin rashin abin yi ranar Asabar.

Asalin abin daga Ingila yake. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott, mutumin garin Chagford, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wani wuri mai taɓo da wuyar zuwa a cikin Dartmoor, wani faffaɗan fili mai tuddai a kudu maso yammacin ƙasar, domin duk wanda ya isa wajen ya bar katinsa ya zama shaida. Daga baya mutane suka riƙa barin wasiƙa, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Amurkawa ba su kama shi sosai ba sai a 1998, da mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa. Yanzu ana samun kwatancen akwatunan a intanet, a shafuka irin su Atlas Quest.

Kwatancen nan shi ne ran wasan. Akwai wani wasa mai kama da shi da aka fara a 2000, wanda ake bin lambobin tauraron ɗan Adam a waya har a kai ga abin da aka ɓoye. Na gwada shi, bai zauna mini ba, domin idona yana kan waya daga farko har ƙarshe. A nan kuwa magana ake ba ka. Za a ce ka bi hanya mai shuɗin fenti har ka tsallake rafi, ka tsaya inda katangar duwatsu ta karye, ka saita kamfas a digiri kaza, ka yi taku ashirin zuwa bishiya mai ƙafa biyu. Dole ka ɗaga kai ka duba. Ni da na shigo dajin ina ganin duk bishiyoyinsa iri ɗaya ne, cikin 'yan watanni na iya bambanta mai farin ɓawo da mai kaushin jiki, saboda masu kwatance ba sa tausayin wanda bai san itace ba.

Katangun duwatsun nan sun daɗe suna ɗaure mini kai. Wa zai gina katanga a tsakiyar daji? Ashe wurin gonaki ne a da. Manoma sun sare dajin, suna tsince duwatsun da ke hana garma tafiya suna jera su a kan iyaka, sannan a ƙarni na 19 da yawansu suka bar gonakin suka nufi yamma ko masana'antun birni, daji ya dawo ya rufe komai. Har ramin tsohon gida za ka gani, da bishiya ta tsiro a tsakiyarsa. Masu ɓoye akwati suna son irin waɗannan wurare, amma ƙa'ida ita ce ba a rushe katanga don neman akwati. Duk wanda ya fara ciccire duwatsu ya riga ya kauce wa kwatancen.

Maganar taku tana da rikici. Wani mai kwatance duk ɗaga ƙafa ɗaya taku ne a wajensa, wani kuma sai ƙafafu biyu sun motsa yake ƙirga ɗaya. Ga bambancin tsawon mutane, tunda takun dattijuwa ba zai zo daidai da nawa ba. Abin da nake yi shi ne na ƙirga, na tsaya, na bar idona ya yi sauran aikin. Tarin duwatsu ko guntayen itace da aka jera da kyau fiye da yadda daji ke jera nasa, nan ne wurin. Kwatance kuma yana tsufa. Bishiyar da aka ambata shekaru goma da suka wuce wataƙila guguwa ta kayar da ita, sai dai ka nemi kututturenta.

Hannuna ba ya shiga rami sai sanda ta riga shi. Wannan tun ina yaro aka koya mini, kuma ya yi amfani a nan, domin a dajin Meshomasic, wanda shi ne dajin gwamnati na farko a jihar tun 1903, akwai macijin nan mai kaɗa wutsiya tana ƙara. Amma abin da ya fi maciji ban tsoro kaska ce, ƙarama kamar ƙwayar riɗi. Ita ke yaɗa cutar Lyme, wadda ta samo sunanta daga wani gari na wannan jiha inda aka lura da ita a 1975. Akwatunan kuwa a cikin busassun ganye suke, inda kaskar ta fi zama. Ina cusa ƙafar wando cikin safa, ko da na yi kama da mai shirin shiga fadama, in na dawo gida kuma na duba jikina sarai kafin na yi wanka. Akwai kuma wata ciyawa mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje na kwanaki. Lokacin farautar barewa, a ƙarshen shekara, riga mai ruwan lemo nake sawa don mafarauta su hango ni.

Hatiman su ne suka riƙe ni. Yawancinsu da hannu aka sassaƙa su a jikin roba mai laushi, wasu ma a robar goge fensir. Za ka ga mujiya da gashinta ɗaya bayan ɗaya, ko hoton wata tsohuwar gada da ke kusa da wurin. Mutum ya ɓata dare yana wannan aiki, ya kai shi daji ya ajiye wa wanda bai taɓa gani ba. Nawa hatimin dagin Arewa ne, na sassaƙa shi da ƙaramar aska. Sai an juya zane ake sassaƙawa, dama ta koma hagu, in ba haka ba rubutu ya fito a birkice. Wani lokaci kuma za ka tarar da ƙaramin hatimi baƙo a cikin akwati, da nasa ɗan littafin. Shi wannan an yarda ka ɗauke shi, da sharaɗin ka sauke shi a akwati na gaba.

A ganina gwanintar mutum a wajen mayarwa take fitowa. Na sha buɗe akwati na tarar da littafi ya jiƙe ya zama dunƙule, tawada ta narke, sa hannun mutane na shekaru ya tafi, don kawai wani ya yi gaggawa bai danne murfi ba. Saboda haka nake ɗauke akwatin na matsa gefe kafin na buɗe, kada masu wucewa su gane maɓoyarsa, kada kuma na tattake wurin har ya zama hanya. In na gama sai na zuge ledar littafin, na danna kowace kusurwa ta murfin, na jira hanya ta yi shiru, na mayar, na watsa ganye a kai. A jakata akwai ledoji na ko-ta-kwana don canza waɗanda suka yage. Da na isa gida nakan aika wa mai akwatin saƙo ta shafin, na gaya masa halin da na same shi, da ko littafinsa ya kusa cika.