Abin da sensar totur ta koya mini a kan aunawa kafin canji

A cikin gyare-gyaren da ake kawo mana gareji, babu wanda na ga ana asarar kuɗi a kansa ba gaira ba dalili kamar matsalar sensar totur. Mai mota zai zo da koken cewa injin yana ɗaga murya da kansa a sulo, wato lokacin da yake aiki ba a taka totur ba, ko mota tana sarƙewa idan ya taka, ko kuma giyar otomatik tana shiga da fizga. A jona kwamfutar gano matsala, lambar matsala P0121 ko P0122 ta fito, nan take a tura yaro kasuwa ya sayo sensa. Sau da yawa bayan kwana biyu motar takan dawo da ciwonta, domin lambar da kwamfuta ta nuna tana faɗin layin wutar da ƙwaƙwalwar mota, wato na'urar da ke sarrafa injin, ke ƙorafi a kansa ne kawai, ba ta tantance ko laifin na sensar ne, ko na waya, ko na soket.

Aikin sensar ba shi da wuyar fahimta. Tana zaune a jikin bakin injekta, wato mashigar da iska ke bi zuwa injin, a kan sandar faifan da ke buɗewa ya ba injin iska, kuma a tsofaffin motoci masu igiyar totur, irin Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001, wayoyi uku ne ke ɗauke da aikinta. Ɗaya tana kawo volt 5 daga ƙwaƙwalwar mota, ɗaya ita ce at, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ta ukun kuma tana mayar da saƙo. Idan faifan yana rufe, saƙon yakan tsaya kusa da rabin volt, idan kuma aka taka totur har ƙasa sai ya haura zuwa wajen volt 4.5. Da wannan ne ƙwaƙwalwar ke gane nufin direba, ta ƙara mai a daidai lokacin da iska ta ƙaru, ta kuma san lokacin canza giya. Shi ya sa mota mai lafiyayyar giya za ta iya yin kamar giyarta ta lalace, kuma na ga an sauke giya a kan matsalar da ba ta wuce waya guda ba.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne yadda ake auna saƙon. A cikin irin wannan sensa akwai wani siririn hannu da ke goga a kan layin gawayi, kuma wurin da ya fi cinyewa shi ne ɗan tsakanin da ƙafar direba ta fi zama a kai, wato sama kaɗan da sulo, musamman ga motar da ke yini a cunkoson cikin gari. Wanda ya auna a rufe ya ga rabin volt, ya auna a buɗe ya ga huɗu da rabi, zai ce sensa lafiya lau take, alhali ramin yana tsakiya. Dole ne a kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, a soka bakin mitar auna wuta ta bayan soket yana jone, sannan a buɗe faifan a hankali ƙwarai ana kallon yadda wutar ke hawa. Idan ta faɗi ƙasa ko ta yi tsalle ko da sau ɗaya, an kama mai laifi. A nan ina fifita tsohuwar mita mai allura a kan mai lambobi, saboda mai lambobi tana jinkirin nuna canji, faɗuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba takan wuce ta, ita kuwa allura sai ta girgiza. Wanda ke da kwamfutar da ke zana saƙon a matsayin layi, aikinsa ya fi sauƙi.

Kafin a kai ga nan ma, sai an tabbatar volt 5 ɗin yana zuwa kuma at ɗin yana da kyau. Lambar P0122 tana nufin saƙo ya yi ƙasa da kima, kuma hakan na faruwa idan wutar ba ta iso ba ko wayar saƙo ta goge tana taɓa jikin injin. P0123 tana nufin ya yi sama, kuma yankewar at na daga cikin abubuwan da suka fi jawo ta. A motoci da dama, layin volt 5 ɗaya ne ke ciyar da sensar totur da wasu sensoshi, kamar ta matsin iska da ta matsin gas ɗin esi, saboda haka idan ɗayarsu ta ƙone ta ciki sai ta ja wutar kowa ƙasa. Hanyar ganewa ita ce a riƙa cire soket ɗinsu ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita, duk wadda aka cire wutar ta dawo, ita ce. Soket ɗin kansa abin dubawa ne, domin wankin injin da ruwa mai ƙarfi yana tura danshi ciki, haƙoran ƙarfen soket ɗin su yi kore, kuma girgiza wayoyin da hannu ana kallon mita yakan tona yankewar da ke ɓoye a cikin roba.

Motocin da ba su da igiya, irin Camry daga 2002, sun zo da wani tsari dabam. Ƙaramin injin lantarki ne ke juya faifan, akwai saƙo biyu daga bakin injekta, akwai kuma biyu daga fedar totur, ƙwaƙwalwa tana gwada su da juna a kowane lokaci. Da zarar sun saɓa, a motoci da yawa lambar P2135 ce ke fitowa, sai ƙwaƙwalwa ta rage ƙarfin injin yadda mota za ta iya rarrafawa kawai zuwa gareji. Masu mota sukan tsorata, amma an yi hakan ne da gangan don kada injin ya ɗauki gudu ba da nufin direba ba, kuma ban yarda makanike ya nemi dabarar kewaye wannan kariya ba, domin rayukan mutane ne a ciki. Haka kuma ba a cusa yatsa a tura faifan irin wannan makulli yana kunne, don yana iya datse yatsa, haƙoran robar da ke ciki kuma suna iya lalacewa.

Ƙurar hunturu tana da nata rabon a wannan matsala. Idan matatar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba, ƙura takan haɗu da tururin baƙin mai ta daskare a gefen faifan, sulo ya rikice, a ɗora wa sensa laifin da ba nata ba. Wanke bakin injekta da maganin da aka yi don haka da tsumma mai laushi yakan isa, muddin ba a fesa maganin cikin sensar ko injin lantarkin da ke juya faifan ba.

Idan awo ya tabbatar sensar ce ta mutu, sai a yi hattara da abin da za a saya. Kayan Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna sun riga sun yi aiki a wata motar, don haka ina auna su da mita kafin a ɗaura, kuma ina duba lambar da ke jikinsu, tunda soket zai iya shiga daidai alhali saƙon bai dace da motar ba. Sensa mai ramukan kusoshi masu tsawo sai an juya ta an saita da mita kafin a ɗaure. A yawancin motocin da ba su da igiya kuwa sensar a haɗe take da bakin injekta, gaba ɗaya ake canzawa. Bayan canji ko wanki, ƙwaƙwalwar tana buƙatar ta sake koyon matsayin faifan a rufe, wasu motocin da kwamfuta, wasu da jerin kunna makulli da kashewa da kamfanin ya tsara, in ba haka ba sulo yana iya tsayawa a sama. Daga nan sai a goge lambobin, a bar injin ya yi zafi, a hau titi da kwamfuta a jone ana kallon saƙon totur a kowace giya, da esi a kunne da kuma a kashe, kafin a kira mai mota ya zo ya ɗauka.