Haruffan gobe da ƙugiyar Hausa

A makon jiya wani matashi mai gyaran waya kusa da babbar kasuwar Maradi ya zo mini da aikin allon shagonsa, ya ce, "Malam, so nake rubutun ya yi kama da na cikin kumbon sararin samaniya." Tun kafin ya rufe baki na gane abin da yake nufi: haruffan nan masu faɗi, marasa ƴan ƙafafu a ƙarshen layi, waɗanda ake gani a fina-finai da gaban motoci, kamar da ma'auni aka yanka kowane ɗayansu.

Kakan wannan zubi shi ne Microgramma, wanda Alessandro Butti da Aldo Novarese suka zana wa kamfanin Nebiolo na birnin Turin a Italiya a 1952, kuma manyan haruffa ne zalla. A 1962 Novarese ya ƙara ƙananan haruffa, ya raɗa wa sabon suna Eurostile. Wanda ya ƙura wa harafinsa na O ido zai ga ba cikakkiyar da'ira ba ce irin ta Futura da Paul Renner ya fitar a Jamus a 1927. Murabba'i ne da aka goge wa kusurwoyi, tamkar gilashin talabijin na wancan zamani. Ya haura shekara sittin, amma har yau ido na ɗaukarsa rubutun gobe, kuma ina ƙaunarsa saboda haka.

A kan allo faɗinsa alheri ne, domin ɗan kabu-kabu na iya karanta shi yana tafe. A fuskar waya kuwa cin wuri gare shi, har "Biyan kuɗi" kan karye gida biyu a cikin maɓalli, shi ya sa nake ajiye shi wa kanun rubutu da lambobi kawai.

Abin da ya fi ci mini rai ya bayyana ne da na rubuta "Ƙwararren mai gyara" da wani salo na kyauta da na sauke daga intanet, sai ga fankon akwati a gurbin Ƙ. Yawancin irin waɗannan haruffa ba a zana musu ɓ da ɗ da ƙ ba, balle ƴ da mu a Nijar muke rubutawa inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa 'y. Masu buga alluna da dama sukan jefar da ƙugiyar su huta, alhali ita ce ke raba baki da baƙi, ita ke raba kafa da ƙafa. Ban yarda a nuna wa yaranmu cewa rubutun ci gaba sai an datse wa Hausa wani abu ba.

Don haka na zauna na zana ƙugiyar da hannuna. Da na lanƙwasa ta kamar ta kamun kifi, sai ta zama bare a cikin ƴan gida. Da na aro kusurwar O ɗin, da kaurin layi iri ɗaya, sai ta zauna daram. Ƙananan bayanai na ƙasan allon kuma na sa su da Noto Sans, wanda ke ɗauke da haruffan huɗu duka. Ranar Laraba aka kafa allon a bakin shagon.