Mai dabon gishirin da ya fito bayan Beatles

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu tsakar gida. Ɗan yayata da ke zaune a wurinmu yana karatu ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, ka san waɗannan?" Samari huɗu ne gashi ya rufe musu goshi, hoton baƙi da fari, 'yan mata na ta kururuwa kamar gobara ta tashi. Na ce masa Beatles ne, mawaƙan Ingila daga garin Liverpool, na san su tun kafin a aurar da uwarka. Shirin da suka fito a ciki ne ban sani ba, shi ne kuma ya cinye mini data da barcin daren nan.

Sunansa The Ed Sullivan Show. Tashar CBS ce take watsa shi daga New York duk daren Lahadi, daga 1948 har 1971. Shi Sullivan ɗan jarida ne, ba ya waƙa, ba ya rawa, ko murmushi da ƙyar yake yi. Zai tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, ya kira sunan mai fitowa, ya nuna shi da hannu, ya koma gefe. Da wannan kaɗai ya riƙe Amurka shekara 23.

Abin da yaron ya nuna mini na ranar 9 ga Fabrairu 1964 ne, daren da mutum kusan miliyan 73 suka zauna gaban akwatin talabijin, alhali zauren da ake shirin kujera 728 ne kawai a cikinsa. Amma guntu ne na 'yan mintuna. Da na nemo cikakken shirin sai na ga abin da ya ba ni dariya da tausayi. Beatles na sauka, aka yi talla, sai ga wani bawan Allah ɗan ƙasar Holan, Fred Kaps, da karta da kwalbar gishiri, zai yi dabo. Bayansa aka kawo yara masu wasan dandamali, da wata mawaƙiya 'yar Wales mai shekara 50, Tessie O'Shea, tana kaɗa banjo, da wasu mata da miji masu barkwanci waɗanda da ƙyar aka yi musu dariya, don hankalin 'yan matan zauren na can wurin samarin Liverpool. Masu alkahura ne suka rufe shirin.

A nan na ajiye wayar na tuna Zariya. Muna yara, akwati ɗaya ne a layinmu, a falon wani Alhaji, mai ƙofar katako da ake zugewa. Mu wasan kwaikwayo muke jira. Amma kafin a kai can, dole mu zauna mu ga Shata da makaɗan kalangunsa, ko Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da kuntigi, don manya ba sa yarda a taɓa akwatin. Ina zaune ina gunaguni, waƙar tana shiga kunnena ban sani ba. Yau baitocin da nake rerawa in ina tuƙi duk na wancan zaman dolen ne.

Haka ya faru a gidajen Amurka, kuma can abin ya fi nauyi. A zamanin da a jihohin kudu Baƙar fata ba ya cin abinci a teburi ɗaya da Bature, Sullivan yana kawo mawaƙa Baƙar fata irin su Nat King Cole da Ella Fitzgerald da Mahalia Jackson, daga baya Supremes, har Jackson 5 a Disambar 1969, Michael Jackson na cikinsu yana da shekara 11. Magidancin da ba zai taɓa biyan kuɗi ya je kallonsu ba, ga su a falonsa, yana jiran mai juya faranti a kan sanda.

Ba wai shirin ba shi da nasa tsoron ba. A Janairun 1957 an ɗauki hoton mawaƙi Elvis Presley daga ƙugu zuwa sama, don kada a ga yadda yake girgiza. (Mai zaton mu kaɗai muke rigima kan rawa a fim, to ya ji.) A 1967 an ce wa ƙungiyar mawaƙa The Doors su canza baiti ɗaya, mai ja musu waƙa Jim Morrison ya hau ya rera shi yadda yake, ba a sake gayyatarsu ba.

Yanzu duk an yayyanka shirin a YouTube, kowane mawaƙi da guntunsa, kowa ya ɗauki nasa ya toshe kunne. Ni ma na amfana, ba don haka ba ina zan gan shi? Sai dai da muka zo kan Fred Kaps, ɗan yayata ya kai yatsa zai wuce. Na ce, "Kai, bari." Autata ta matso, ta ga mutumin ya zuba gishiri a dunƙulen hannu ya ɓace, sannan ya dawo yana ta zuba ba ya ƙarewa. Ta ce, "Baba, daga ina yake fitowa?" Washegari da safe uwarta ta tarar da rabin ledar gishirinta a ƙasan madafa.