Uku da biyu a jajibirin Sallah

Tela ba ya zuwa ko'ina ranar jajibirin Sallah. Ko rasuwa aka yi a unguwa, da an kai mamaci makwancinsa zai dawo kan keke. Ni kuwa ranar Asabar 10 ga Agustan 2019, ranar da alhazai ke tsaye a Arfa, na fito daga shagona da ke wajen Ƙofar Marusa da hantsi, na bar wa yarana biyu riguna huɗu da ko wuya ba a ɗora masu ba, na hau mota zuwa Kano kallon ƙwallo.

Kano Pillars ce za ta karɓi baƙuncin Asante Kotoko ta Ghana a wasan farko na share fagen Gasar Zakarun Afirka. Mu nan Katsina United ce tamu, kuma duk ranar da Pillars ta zo filinmu na Karkanda ba ma ga maciji da magoya bayanta. Amma in aka fita Afirka, naka sai naka. Ga shi kuma wasa ya zo mana har bakin ƙofa, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba. Ni na kawo shawarar a majalisarmu ta gindin dalbejiya, saboda haka ni aka ɗora wa neman mota da haɗa kuɗi.

Darasin farko tun a tasha na koye shi. Mutum goma sha huɗu suka ce za su je, na yi cinikin shatar mota a kan haka. Da gari ya waye, tara suka zo. Wannan ya ce bai sayi rago ba, wancan ya ce matarsa ta aike shi markaɗe, wani ma wayar ya kashe gaba ɗaya. Direba ya ce shi ba ruwansa, ciniki ciniki ne, balle yau da fasinja ke rububin mota. Kuɗin kujeru biyar daga aljihuna suka fita, kuma cikinsu har da kuɗin ɗinkin mutane. Tun daga ranar, wanda duk ya ce mini "sa sunana", sai in miƙa masa hannu. Suna ba ya sayen mai.

Cikin mu tara akwai Kawu, ƙanin mahaifiyata, malamin firamare ne da ya yi ritaya. Shi ya fara kai ni kallon ƙwallo ina yaro, zamanin da Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ba ta ɗauka ko sau ɗaya ba. Wataƙila shi ya sa ba ya saurin murna. Yana azumin Arfa ranar, ya zauna a gaba kusa da direba da carbinsa, bai ce mana uffan ba har muka wuce Charanchi da Kankiya. Damina ta zauna, gero ya fi mutum tsayi a gefen hanya, motocin raguna sai wuce mu suke yi. Mu a baya muna ta cika baki.

Kuma muna da hujja, a ganinmu. Makonni biyu kafin nan Pillars ta ɗauki kofin ƙalubale, wanda ake kira kofin Aiteo a lokacin, a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Ita ta zo ta biyu a gasar Najeriya a bayan Enyimba, abin da ya ba ta gurbi ke nan, tunda Najeriya na cikin ƙasashe 12 da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ke bari su kawo ƙungiya biyu. Ghana kuwa tun da aka fallasa cin hanci a harkar ƙwallonsu a 2018 gasarsu ta tsaya, wata gasar wucin gadi Kotoko ta ci ta samu zuwa. Na ce mutanen da ba su da gasa a gida, ina za su iya da Sai Masu Gida a Ƙofar Mata?

A Bichi Kawu ya waiwayo.

"Ɗana, ka san sau nawa Kotoko ta ɗauki wannan kofin?"

Na ce ban sani ba, Kawu.

"Sau biyu. 1970 da 1983. Mu duk Najeriya Enyimba kaɗai ta taɓa ɗaukar shi, 2003 da 2004. Ka rage baki."

Ya juya ya ci gaba da jan carbi.

Filin Sani Abacha ya cika ranar, duk da hidimar Sallah. Rana ta buɗe bayan hadarin da ya taso ya watse, siminti ya yi zafi, rabin mutanen layinmu masu azumi ne, leɓɓa sun bushe amma ba su fasa ihu ba. Wani dattijo a gabanmu ya zo da igiyar rago a naɗe a hannu, da alama daga kasuwa ya biyo, ragon ma wa ya san inda ya ɗaure shi. Pillars ta fara ci, muka tafi hutun rabin lokaci da ɗaya da nema. Da aka dawo sai abu ya juye. Kotoko ta farke, can kuma ta ƙara. Fili ya yi tsit, har ana jin gangar 'yan Ghana ƙalilan da ke can gefe. Sannan Pillars ta farke, kafin mu gama zama ta jefa ta uku. Ban san lokacin da na rungume mai igiyar rago ba. Hulata ta faɗa ƙasan benci, ban same ta ba har yau.

Aka tashi uku da biyu. Muka fito muna tsalle kamar an ba mu kofin. Da aka kira magariba muka tsaya gefen titi masu azumi suka sha ruwa da dabino da ruwan leda. A nan Kawu ya dube ni ya ce:

"Mi kake ma murna?"

Na ce Kawu, ai mun ci.

Ya ce in ba shi takarda. Abin da na samu a aljihu shi ne guntun kwalin da nake rubuta awon mutane, tsawo da kafaɗa da hannu. Ya juya bayansa, ya ɗora a kan bonet, ya rubuta 3-2. A ƙasa ya rubuta 0-1. Ya ja layi, ya rubuta 3-3.

"To wa ya wuce?"

Na ce sai fenareti.

"Babu fenareti. Su sun ci biyu a gidanka, kai ba ka ci ko ɗaya a nasu ba. Ɗaya kawai suke nema a Kumasi. Yau ba wasa aka gama ba, hutun rabin lokaci aka tafi."

Na san dokar ƙwallon waje, ba wai ban taɓa jin ta ba. Duk mai zama gidan kallo ya san in aka yi kunnen doki a jimillar wasa biyu, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Amma sani daban, lissafi da shi daban. Ni ƙwallayen da muka ci nake ƙirgawa, shi waɗanda aka ci mu yake ƙirgawa. A wurinsa ɗaya da nema ya fi uku da biyu daraja nesa ba kusa ba, domin da haka aka tashi, in Pillars ta samu ƙwallo ɗaya a Kumasi sai Kotoko ta nemo uku.

Daga Dawanau har Tsanyawa bai yi shiru ba, mutumin da ya yi shiru duk zuwa. Ya tuna mana 2009, shekarar da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin, ba tare da ta doke ta ko sau ɗaya ba: ɗaya da ɗaya a Kano, biyu da biyu a Alƙahira. Dokar nan ce ta kai ta rukuni, har ta je wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Kuma dokar nan ce ta hana Heartland kofin a wannan shekarar: ta ci TP Mazembe biyu da ɗaya a gida, aka ci ta ɗaya da nema a Lubumbashi, kofi ya tafi Kwango. Sai 2013, wadda ita ta fi yi masa ciwo. Pillars ta lallasa AC Léopards huɗu da ɗaya a Kano, aka je can aka ci ta uku da nema. Ɗayar nan da kowa ya raina, ita ta yi waje da ita.

"Wuƙar da ta yanka maka nama ita ke yanka maka yatsa," in ji shi.

Wani daga baya ya ce to ko an fitar da mu ai akwai Kofin Confederation, ƙaramar gasar Afirka. Kawu ya ce ba a wannan matakin ba. A tsarin lokacin, sai wanda ya tsallake zagayen nan ya faɗi a na gaba ake mayarwa ƙaramar gasar ya sake gwada sa'a. Wanda ya faɗi a share fage gida zai koma, kakarsa ta Afirka ta ƙare tun cikin Agusta. Zagaye biyu ne tsakanin ƙungiya da matakin rukuni, inda ƙungiyoyi 16 ke rabuwa gida huɗu, kuma a can ne kuɗi da suna suke. Wasanni huɗu kacal, amma a cikinsu ƙungiyoyinmu suka fi zubewa.

Mun shigo Katsina wajen sha ɗayan dare. Na tarar da mutum uku zaune a kan bencin shagona, babu mai murmushi. Yarana sun yi iya ƙoƙarinsu, amma wuyan babbar riga ba aikin ɗan koyo ba ne. Ba wuta, na tada janareta, na zauna. Ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji da ya daɗe yana kawo mini ɗinki, ya tambaye ni inda na je. Da na faɗa masa sai ya yi salati, ya ce, "Malam, da shaddata ka je kallon ƙwallo?" Na ce a yi haƙuri, ranka ya daɗe. Riga ta ƙarshe ana kiran assalatu na sa mata guga. Aljihunta ya ɗan karkace, na gani, shi ma ya gani. A filin Idi ina tsaye ina gyangyaɗi.

Wasa na biyu ranar Lahadi 25 ga Agusta aka yi shi a filin Baba Yara da ke Kumasi. Wannan kam a majalisa muka bi shi. Mai shayinmu yana da ɗan'uwa a Zangon Kumasi, cikin zuriyar mutanenmu da fataucin goro ya kai can tun zamanin kakanni, kuma ya shiga filin. Shi ya riƙa turo mana saƙon murya ta WhatsApp, da Hausarsa ta Zango wadda ke sa yara dariya. Muka ɗora wayar a kan tebur tsakanin gwangwanin madara da burodi, mutum ya fi ashirin a kanta.

Ban ma gama motsa shayina ba saƙo ya shigo. Ba mu ji abin da yake faɗa ba saboda ihu, amma ihun ya isa bayani. Kotoko ta ci tun wasa bai yi nisa ba. Wani yaro ya ce ai uku da uku ne, da sauran magana. Ni na juya na yi masa bayani, da kalmomin Kawu, har da ɗaga yatsa. Daga wannan minti Pillars a waje take, ita ce mai nema, kuma mai neman ƙwallo a gidan wani dole ya buɗe bayansa. Can wajen ƙarshe suka ƙara ta biyu. Huɗu da uku a jimilla. Wani zai ce ai ba dokar ƙwallon waje ta fitar da mu ba tunda sun fi mu yawan ƙwallaye. A takarda haka ne. Amma wanda ya bi wasan ya san biyun da suka ci a Kano su suka tsara yadda aka buga na Kumasi.

Abin da ya rage mini haushi kaɗan, a zagaye na gaba Kotoko ta ci Étoile du Sahel ta Tunisiya biyu da nema a Kumasi, ta je can aka ba ta uku. Enyimba ma a nan Al Hilal ta Sudan ta tare ta, ta koma Confederation.

Yanzu in an fitar da jadawalin share fage, abu na farko da nake dubawa shi ne wa zai fara karɓar baƙunci. In mu ne, ba ruwana da yawan ƙwallaye, ragarmu nake kallo. Na kuma daina raina ƙungiya don ban san sunanta ba ko don ƙasarta na cikin matsala. Turai sun soke dokar ƙwallon waje tun 2021, shi ya sa samarin gidan kallo da yawa suka ɗauka ta mutu ko'ina. A Afirka kuwa ko a 2025 da ita Mamelodi Sundowns ta fitar da Al Ahly a wasan kusa da na ƙarshe, babu ci a Pretoria, ɗaya da ɗaya a Alƙahira. Daren nan sai da na raba gardama tsakanin yarana, na ɗauko alli na ɗinki na yi masu lissafin a kan teburin yanka.

Guntun kwalin nan yana nan, na soke shi da allura a bango saman kekena. Gaba awon Alhaji ne, tsawo da kafaɗa da hannu, baya rubutun Kawu. Alhajin bai daina kawo ɗinki ba, sai dai duk Sallah tun saura wata guda yake aiko da shaddarsa, kuma in ya shigo kafin ya zauna sai ya tambaya, "Malam uku da biyu, bana akwai wasa ranar jajibiri?"