Daga aji zuwa gidan rediyo

Ilimin sinadarai na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na kuma yi 'yan shekaru ina koyarwa a sakandare kafin in koma aikin jarida. Takaici ne ya kai ni. Sai in ji an karanta labarin lafiya a rediyo, a ce "masana sun yi gargaɗi", shi ke nan a wuce. Gargaɗi a kan me? Ta wace hanya abin ke cutarwa? Ko oho.

Aikin da ya fi gasa ni shi ne na gubar dalma a Zamfara, a 2010. Yara suna ta suma da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wasu na cewa zazzaɓi ne, wasu iska. Ashe duwatsun zinariyar da ake haƙowa cike suke da dalma. Ana shigo da su gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙura ta lulluɓe tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Jikin yaro ya fi na babba saurin zuƙar dalma, kuma ƙwaƙwalwa take fara taɓawa. Sama da yara 400 suka rasu.

A nan na gane cewa idan ka ce wa mutum ya bar haƙar zinariya, ka yi magana da iska, domin da ita yake ciyar da iyalinsa. Amma ka bayyana masa yadda ƙurar ke shiga jinin ɗansa, da kansa zai mai da niƙan bayan gari, ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki yaro. Haka kuma sai da na sha maimaita dalilin da ya sa likitocin MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, ba sa fara ba da magani sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidan: yaron da aka wanke wa jini, in ya koma cikin ƙurar nan, aikin banza aka yi. Mutanen Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan Anka da gubar ta shafa, sai 2013 aka share musu gari.

In na tashi daga aiki, kiwon tattabaru nake yi, da kallon taurari, wanda na gada wurin kakata. Ita ta nuna mini Kaza da 'Ya'yanta. Har yau shirin da ya fi jawo mini kiran waya shi ne wanda na ce Zara, matar wata, ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu, mai zafin da ya haura digiri 450. Wani dattijo ya kira ya ce in ji tsoron Allah.