Masu zuwa Yankari ba abu ɗaya suke nema ba

Daga Mainamaji, ƙofar shiga dajin Yankari, zuwa sansanin Wikki tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce, kuma kowace mota da abin da ya fito da ita. Iyalin da suka taso daga Bauchi ko Gombe a yawon Sallah, wanka ya kawo su, da cin abinci a inuwa da ɗaukar hoto. 'Yan makaranta zaki aka yi musu alkawari. Mai kallon tsuntsaye kuwa shiru yake so tun asuba. Idan mai kula da daji ya haɗa su duka a lissafi ɗaya da sunan "baƙi", sai ya ɓata wa kowa rai, dajin ma ya sha wahala.

Faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, amma nauyin baƙi kusan duka a wuri ɗaya yake sauka, wato maɓulɓular Wikki, wadda ɗuminta yake tsaye a digiri 31 rani da damina. Tun da aka buɗe wa jama'a dajin a 1962, ruwan nan ne babban abin jan mutane. Saboda haka cunkoson Yankari na bakin ruwa ne, kuma can ya kamata a fara gyara.

Matakin farko tambaya ce, ba ta cin kuɗi. A ƙofar shiga a tambayi mutum me ya kawo shi, kwana nawa zai yi, ya taɓa zuwa ko yau ne farko. A wajen fita a tambaye shi abin da ya gani da abin da ya sosa masa rai. Inda ake yin kuskure shi ne a miƙa takarda da Turanci, maigida ya cike a madadin mutum goma. Ta haka ba za a taɓa jin cewa matan da ke motar sun koma gida ba su taɓa ruwan ba saboda maza sun cika wurin. A tambayi mata da bakinsu, da Hausa, kuma a ware amsoshin lokacin Sallah da Kirsimeti daga na sauran watanni, don jama'ar ba iri ɗaya ba ce. A ganina ware wa mata wasu awoyi na wanka zai fi sabon gini amfani.

Daga nan sai a tsayar da iyaka. Masu kula da gandun dajin Amurka sun fito da wani tsari a 1985 wanda ya bar tambayar "mutum nawa wuri zai ɗauka", ya koma kan "wane sauyi za mu lamunta, a ina za mu ce ya isa". A Wikki abin awo a fili yake: yawan mutanen da ke cikin ruwa a lokaci guda, buhun leda nawa aka kwashe da yamma, mota nawa ta taru a kan garke ɗaya. A rubuta kullum. Idan an wuce iyakar da aka sa, sai a shigar da masu wanka rukuni-rukuni. Sabulu kuwa ba shi da wurin zama a nan, domin ruwan Wikki kogin Gaji yake gangarawa, inda dabbobi ke sha.

Yawancin ɓacin ran masu kallon dabbobi daga rashin bayani yake. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, rani ya tsananta, giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza suna taruwa a bakin Gaji. Da damina ciyawa ta fi tsayin mutum, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi sun watsu. Wanda ya fita da tsakar rana a watan Agusta zai dawo yana cewa babu komai a dajin, kuma haka zai faɗa a gari. A gaya masa gaskiya tun a ƙofa: fita da sassafe ake yi ko bayan la'asar, ganin zaki kuma sai an yi babbar sa'a. Allon da ke nuna abin da aka gani jiya yana taimakawa, amma kada a rubuta takamaiman inda giwaye suke, don ba baƙo kaɗai ke karanta allo ba.

Gwaggon birin sansanin kuma baƙi ne suka koya masa sata. Wani ya jefa masa burodi don ya ɗauki hoto, birin ya gane leda abinci ce, gobe ya fizge ta daga hannun yaro, jibi ya tura ƙofar ɗaki. Kora da sanda ba ta magani. Kwandon shara mai murfin da ke kullewa ake bukata, da raga mai ƙarfi a tagogi, da ma'aikacin da zai bayyana dalilin hanin, don mutane sun fi bin dokar da suka ji dalilinta.

Akwai kuma waɗanda ba sa sayen tikiti amma ra'ayinsu ya fi na kowa nauyi, wato ƙauyukan da ke kewaye da dajin a yankin Alkaleri. Manomin da giwaye suka tattake masa dawa a dare ɗaya, da makiyayin da aka kama masa shanu a cikin iyaka, ba hutu suke gani a Yankari ba. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniyar aikin tsaron dajin da gwamnatin jihar Bauchi, amma sintiri kaɗai ba ya sauya zuciyar mai gona. A riƙa zama da masu unguwanni da arɗo-arɗo kafin kaka, a rubuta kowace ɓarna da girman gonar da ranar da aka yi ta, sannan 'ya'yan garuruwan nan su zama su ne farkon ɗauka a aikin jagora da tsaro.