Daren da anka ta ja mu a Bekwe

Lokacin da na karɓi aikin ɗan taimako a wani jirgin ruwa mai tafiya da iska a tsibiran Karibiyan, na ɗauka kullum za mu yini muna keta teku. Jirgin mita 13 ne, mu uku kacal a ciki: kyaftin, matarsa, sai ni. Ashe mafi yawan kwanaki a tsaye yake a wani lungun gaɓa, mu kuma muna fama da gyare-gyare. Gishiri ba ya raga wa komai. Ƙarfe ya yi tsatsa, wayar lantarki ta cinye, har zik ɗin jaka sai ya ƙi buɗuwa.

Ruwan daɗi ne ya fara ladabtar da ni. Tankinmu lita 400 yake ɗauka. Wanka kuwa, ka faɗa teku, ka fito ka shafa sabulu, ka sake faɗawa, sannan ka ɗauraye da kofi biyu na ruwan tanki. Akwai injin da ke tace gishiri, amma batir yake ci, batir kuma sai abin da faifan sola ya tara masa, ga firij na jan nasa rabon. Ranar da aka yini da gajimare, kowa ya san ba wanki.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda na ji jiki shi ne batun anka, wato ƙarfen da ake sakewa da sarƙa zuwa ƙasan teku don ya riƙe jirgi wuri guda.

Mun iso tsibirin Bekwe da yamma, a gajiye, bayan yini guda iskar gabas na watsa mana ruwa a fuska. Kyaftin ya bar mini sakin anka. Zurfin wurin mita 5 ne, ƙa'ida kuma a saki sarƙa aƙalla ninki biyar na zurfin. Na sani sarai. Amma na saki mita 15 na ce ai ya isa, tunda ruwan a kwance yake lumui. Ban kuma sauka na duba ba, yunwa nake ji.

Wajen ƙarfe biyu na dare iska ta gangaro daga tuddai. Ƙarar sarƙa ce ta tashe ni, wani gurnani da ke bi ta jikin jirgi har cikin haƙarƙari. Na leƙo waje, fitilun gari sun sauya wuri, jirgin da muka bari can bayanmu ga shi dab da mu, har ina jin mai shi yana ƙwala kira. Kyaftin ya tayar da inji, matarsa ta riƙe tocila, ni kuma na janye anka hannuna na karkarwa. Muka sake saki, wannan karon mita 30.

Bai yi mini faɗa ba, wanda ni da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Da safe ya miƙo mini gilashin ninƙaya ya ce, "Sauka ka gani." A ƙasa na tarar da doguwar kunya cikin ciyawar teku, inda anka ta yi ta noma ba ta kama ba. Nan na gane dalilin ƙa'idar: anka tana nutsewa cikin yashi ne idan sarƙa ta ja ta a kwance. Gajeriyar sarƙa sama take ɗaga ta, sai ta tuge.

Daga baya na lura kusan komai a jirgin haka yake, ido ake sa masa. A ƙananan tsibiran Tobago Kis ba ma shiga tsakanin duwatsun murjani sai rana ta ɗaga tana bayanmu, ni a goshin jirgi ina karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa kuwa dutse ne, a kauce. Lokacin mahaukaciyar guguwa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, mukan gangara kudu zuwa Girenada, amma ko can kyaftin ba ya fashin sauraron hasashen yanayi da safe. Guguwar Ivan ta ragargaza tsibirin a 2004, guguwar Beryl kuma ta afka wa Kariyaku, wani ƙaramin tsibirin ƙasar, a 2024.

Yanzu ko shayi ba na ɗorawa sai na yi iyo na bi sarƙa har ƙarshenta, na ga bakin anka ya ɓace cikin yashi. Matar kyaftin takan tsaya da tawul a hannu tana jira in ɗago mata babban yatsa.